Gashin Bakin Cleophus a Daɓen Madam Odessa

Ranar Asabar, shida ga watan Afrilu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Cleophus Tibbs ya jinginar da gashin bakinsa a shagon askin Otis da ke unguwar Harlem, a gaban shaidu.

Cleophus direban motar ɗaukar kaya ne, ƙaton mutum mai tumbi, shekarunsa hamsin da 'yan kai. A bakinsa, babu sana'ar da bai taɓa ƙwarewa a kanta ba. Gashin bakin nan kuwa tun yana saurayi bai bari reza ta kusance shi ba. Kullum sai ya shafa masa man ƙamshi, ya murɗe gefe biyu su miƙe sama kamar ƙahon sa, har ma a coci sai an fara ganin gashin kafin a ga mai shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, Dattijo Purnell, ɗaya daga cikin dattawan cocinsu, yana kan kujerar aski yana alfahari da 'yarsa Renita. Ya ce shekara tara ta yi tana koyon rawar ƙwas-ƙwas, wadda ake sa wa takalmi ƙarfe a kai da diddige har ƙafa ta zama ganga, kafin Madam Odessa, mai makarantar rawar, ta yarda ta shigar da ita ajin ƙwararru.

"Shekara tara?" in ji Cleophus daga kan benci. "Don a buga ƙafa a ƙasa? Haba, Dattijo! Ai mu a jininmu take. Kakana idan ya yi rawa a Alabama, sai ya gama ya zauna ya sha ruwa, sannan ƙarar ƙafarsa take isowa."

Otis ya ɗaga kilifa daga ƙeyar dattijon ya ce, "Wancan makon ka ce kakan naka ɗan dambe ne."

"Mutum ɗaya ne. Da hannu yake dambe, da ƙafa yake rawa. Kai ne dai da baki kake aski."

"To, madalla. Ƙarshen wata Madam za ta yi gwajin masu son shiga ajin. Idan ta ɗauke ka, askinka kyauta ne har ranar da za a kai ka makwanci. Idan ta kore ka, wannan tsintsiyar da ke ƙarƙashin hancinka tawa ce."

Cleophus ya shafa gefen dama, ya shafa na hagu, ya ga idanu duk sun dawo kansa, ya miƙa hannu aka tafa.

Ranar Litinin da yamma ya hau benen makarantar, wadda ke saman shagon wanki. Bai kai ga ɗora ƙafa a cikin ɗakin ba sai sanda ta tokare masa tumbi. Mai sandar wata tsohuwa ce 'yar firit, kanta fari fat, ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Takalmin titi ba ya taka daɓena," in ji Madam Odessa. "Marigayi mijina ne ya kwaso katakon nan ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon gidan rawa da ake rushewa. Me ke tafe da kai?"

"Ranki ya daɗe, ajin ƙwararru na zo shiga."

"Wa ya koyar da kai?"

"Baiwa ce."

"Masu baiwa ranar Talata suke zuwa, tare da 'yan shekara shida."

Cleophus ya yi dariyar manya, ya ce shi dai a sa shi cikin masu gwaji. Madam ta ce ƙofar gwaji a buɗe take ga kowa, ta kuma faɗa masa ƙa'ida. Ita ba ta kallon mai gwaji, baya take juya masa, domin ido yana ruɗin mutum da murmushi da kyan riga. Za ta buga taku da ƙafarta daga zaune, shi kuma ya amsa mata da nasa, kamar yadda 'yan rawa suke musayar taku, wannan ya jefa, wancan ya mayar. Kunnenta ne alƙali.

A baranda ya tarar da Renita zaune, ta sa bakin kwabo tana murɗa notin da ke riƙe da ƙarfen takalminta.

"'Yata, ɗaurewa kike yi?"

"Sassautawa nake yi, Kawu, ɗan kaɗan. Sai ƙarfen ya ɗan yi wasa yake ba da amo mai daɗi."

"Wancan bokitin fa? Na ga an zuba lemon kwalba a ciki."

"Idan daɓe ya yi santsi, akan zuba murfi ɗaya a ruwan gogewa. Sukarin yana sa ƙafa ta kama ƙasa."

Cleophus ya sauko daga benen yana jin kamar ya tsinci makullin banki. Ya kama sirrin da 'yan rawa suka ɓoye wa duniya. Ƙarfe ne ke ba da ƙara, sassauci ne ke ba da amo, sukari ne ke riƙe ƙafa. Su da suke taɓa kowanne kaɗan-kaɗan, shi ya sa suke ɓata shekara tara. Wanda ya zuba da yawa kuwa, mako uku ma ya yi masa yawa.

Ya fara atisaye ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ya sayo ƙarafa ya kafa wa takalminsa na zuwa coci, ya ɓalle ƙyauren kabad ɗin matarsa Verlene, ya shimfiɗa shi a tsakiyar falo, ya hau. Taku na farko hoton aurensu ya karkace. Taku na biyu kyanwa ta bar gidan. Verlene ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Cleophus, ƙofata ce wannan?"

"Dandamali ne, uwargida. Wata rana masu tarihi za su zo neman sa."

"Su zo da kafinta."

Suna cikin haka sai aka ji dum, dum, dum daga ƙasa. Mista Augustin ne, tsohon tela ɗan Haiti da ke hawan ƙasa da nasu, yake dukan silin da sandar tsintsiya saboda an katse masa barcin rana. Idon Cleophus ya yi haske.

"Kin ji? Ya jefo mini taku! Ashe tsohon nan ɗan hannu ne."

Ya tattara ƙarfinsa ya mayar da amsa. Tsintsiya ta ƙara bugawa, wannan karon da sauri. Cleophus ya sake mayarwa, har da tsalle. Suka yi ta musaya, gumi yana ɗiga daga ƙahonnin gashin bakinsa, har aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Augustin ne tsaye da rigar barci, kansa da kafaɗunsa fari sol da garin silin.

"Maƙwabci," in ji Cleophus yana haki, "ka yi ƙoƙari. Takunka na ƙarshe ya ɗan yi gaggawa, amma akwai alamar horo."

"Horo? Fitilata ta faɗo cikin miyata! Na zaci injin wanki ne ya ƙwace muku yana yawo a falo."

"Ai shi ya sa ake neman mai kunne ya yi hukunci."

Verlene ta ce, "Ni ina da kunne. Tsintsiyar ta fi ka bin kiɗa."

Cleophus bai karaya ba, domin ya riga ya gano inda matsalar take: ƙarfe biyu a takalmi ɗaya sun yi wa ƙafa irin tasa kaɗan. Ya kai wa mai gyaran takalmi na bakin titi, ya ce a ƙara masa a tsakiya da gefe da gefe. Mutumin ya juya takalmin, ya dubi Cleophus, ya tambaye shi ko doki ne zai sa. Cleophus ya karɓe kayansa ya ce hassada ba ta bar kowace sana'a ba. Ya dawo gida ya yi aikin da hannunsa. Da ƙarafan saye suka ƙare, ya cike gurbin da hinjin ƙyauren kabad ɗin nan da kawunan cokulan shayi guda biyu. Sannan ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya sassauta su, ba irin rowar da Renita take yi ba, sassautawa ta mai wadatar zuci, har sai da kowane ƙarfe ya rinƙa lilo. Idan ya ɗaga takalmin sama ya girgiza, sai ka rantse akwatin kayan aikin makanike ne ya faɗo daga mota.

Labari ya cika unguwa, kuma shi da kansa ya cika ta da shi. Ya faɗa wa mai sayar da soyayyen kifi cewa Madam ta roƙe shi ya zo ya taimaka mata da koyarwa. Ya faɗa wa mawaƙan coci su fara neman wanda zai maye gurbinsa, don yawon duniya na nan tafe. Otis kuwa duk lokacin da ya hango shi ta gilashin shago sai ya kunna kilifa ya ɗaga masa ita.

Ranar gwaji ta zo. Masu gwaji na gaskiya 'yan kaɗan ne, amma 'yan kallo sun cika bencin da ke jikin bango, kowa ya tuɓe takalminsa a baranda. Otis ya rufe shago ya zo da abokan cinikinsa, aljihun rigarsa ya yi tudu. Dattijo Purnell ya zo da hular malafa. Verlene ta zo da kek, wai ko me ya faru a samu abin sa wa a baki. Har Mista Augustin ya zo, ya ce yana so ya ga abin da ido, tunda ya daɗe yana jin sa a ka.

Cleophus ne na ƙarshe. Ya zauna da takalminsa a cikin jaka, yana kallon samari da 'yan mata suna amsa wa Madam taku, ƙafafunsu suna zuba magana kamar ruwan sama a kan kwano. Yana yi yana girgiza kai yana raɗa wa na kusa da shi cewa ƙararsu ba ta da nauyi. Amma da ya ga wata yarinya ta ɗan zame a tsakiyar ɗakin, sai ya bar raɗa ya dubi ƙasa. Daɓen yana sheƙi kamar madubi, shi kuma ya san nauyinsa.

Kafin a kira shi Madam ta ba da hutu, kowa ya fita baranda wurin kek. Cleophus ya ce shi zai tsaya ya tattara hankalinsa. Ƙofa na rufuwa ya jawo bokitin gogewa, ya zubar da ruwan ta taga, ya buɗe jakarsa. Ya juye manyan gorunan lemo. Ya bi su da kwalbar ruwan sukarin da Verlene take zuba wa fanke. Ya ɗan yi tunani, ya ga cewa tunda manufar ita ce ƙafa ta kama ƙasa, babu dalilin yin kwana-kwana, sai ya ƙarasa da ragowar gam ɗin kafinta da ya samu a motarsa. Ya dama, ya shafe tsakiyar daɓen da kauri, ya sa takalminsa, ya taka zuwa tsakiya, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga haɓa, yana jiran a shigo a same shi a shirye.

Abin da bai lissafa ba shi ne Dattijo Purnell, wanda aka ce ya sa wa kek albarka. Dattijon ya fara daga kek, ya wuce kan hannun da ya toya shi, ya gangara kan manoman alkama, ya shiga marasa lafiya da matafiya da shugabanni. Bututun ɗumama ɗaki kuwa yana ta aikinsa. Cleophus yana tsaye ƙyam, daɓe yana bushewa a ƙarƙashinsa.

Da aka shigo, Madam ta nufi kujerarta da ke bakin ƙofa kai tsaye, fuskarta a bango kamar yadda ta saba. Renita ta shaƙi iska, ta dubi daɓen, ta zaro ido, ta buɗe baki. Amma Madam ta riga ta buga sandarta, kuma idan sandar nan ta bugu babu mai magana sai an gama gwaji.

Madam ta jefa taku mai sauƙi da ƙafarta ta dama, irin wanda ake koya wa yara a makon farko.

Cleophus ya ɗaga ƙafa zai amsa. Ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya gwada ta hagu, ita ma ta goyi bayan 'yar'uwarta.

"Ina jira," in ji Madam.

"Shirun yana cikin salon, ranki ya daɗe."

"Da ƙafa ake ba ni amsa."

Ya cije leɓe, ya fizgi ta dama da dukan ƙarfinsa. Ta ɓalle da wata irin ƙara, ɓaraaat, kamar an yage tabarma.

"Wane ne yake ɓare filasta a ɗakina?" in ji Madam, ba ta juyo ba.

Cleophus ya ga ƙafa ɗaya ta samu 'yanci, ya ƙudura cewa da ita zai ci gwajin. Ya wulwula ta a iska domin ƙarafan su yi amo. Suka yi amo, sannan suka yi sallama. Hinji ya tashi ya ɗauke malafar Dattijo Purnell. Kan cokali ya wuce ta gefen kunnen Mista Augustin ya daki bututun ɗumama ɗaki, ƙwal! Ƙarfen diddige ya nufi babban madubi, ya bar masa tsaga tun daga sama har ƙasa. 'Yan benci suka kwanta a kan juna.

"Ya Ubangiji, ka tsare bayinka!" in ji Dattijo daga ƙarƙashin benci.

"Na ji durowar cokula ta gangaro daga bene," in ji Madam. "Har yanzu ban ji taku ba."

"Gabatarwa ce! Yanzu za a shiga rawar."

Ya sauke ƙafar da ƙarfi. Notunan da ƙarafansu suka gudu suka bar su tsirara suka nutse cikin katako. Ya ja, suka bi shi suna kartar daɓen, ƙiiii, suna tone dogayen layuka kamar garma. Kafaɗun Madam suka ɗaga har kunnuwanta, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, ba ta juyo ba.

Verlene ta manta da dokar shiru ta ce, "Cleophus, don girman Allah ka tsaya haka nan!"

Otis ya ce, "Bar shi, 'yar'uwa. Wataƙila ƙarar kakansa ce take isowa."

Wannan maganar ce ta harzuƙa Cleophus. Ya yanke shawarar rufe bakin kowa da tsallen da ya ga ana yi a talabijin, wanda mutum yake tashi sama ya buga ƙafa biyu kafin ya sauka. Ya durƙusa, ya yi kukan kura, ya tashi. Shi ya tashi, takalman suka zauna. Ya sauka da safa, safa ta kama. Ya zare ƙafa ɗaya daga cikinta, ya yi taga-taga, hannuwansa suna iyo a iska, sannan ya tafi gaba ɗaya kamar an sare bishiya. Tumbi ya fara isa, fuska ta bi baya. A ƙasa, a shagon wanki, wata mata ta yi ihu.

Madam ta ce, "Wannan na ƙarshen ne kaɗai ya faɗi a kan kiɗa." Ta dogara sandarta, ta miƙe, ta juyo.

Ta dubi madubi. Ta dubi takalma biyu da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar ɗaki, da safa ɗaya a gabansu. Ta dubi layukan da aka tone a katakon mijinta, ta daɗe tana dubansu, har Renita ta matso ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Tashi," in ji Madam.

Cleophus ya yunƙura, ya yi ƙara, ya koma. Tafin hannunsa ya ɓanɓaru, rigarsa ta ɓanɓaru ta bar maɓallai, amma gashin bakin nan ya shimfiɗu a cikin gam, gefen dama da na hagu, kowane sili ya kama wurinsa. Maza biyu suka shimfiɗa jarida suka taka, suka kama shi ta kafaɗa za su ɗaga.

"Ku bari! Ku bari! Leɓena!"

Verlene ta ce a kawo ruwan zafi. Madam ta ce duk wanda ya ƙara zuba wa katakon nan ko ɗigo ɗaya sai ya bi ta taga. Mista Augustin ya ce a bar shi a nan, shi dai zai samu barci. Otis ya taka jarida a hankali, ya tsuguna kusa da kan abokinsa, ya zaro kilifa daga aljihu.

"Dakata!" in ji Cleophus, bakinsa a jikin katako, maganar tana fita a murɗe. "Sharaɗi sai ta kore ni. Ba ta ce komai ba tukuna. Ku shaida, ba ta ce ba!"

Dattijo Purnell, wanda ya fito yana karkaɗe malafarsa, ya ce gaskiya ne, ba a yanke hukunci ba. Kowa ya juya ga Madam.

"Ranki ya daɗe," in ji Cleophus, "ki yi la'akari da cewa ban zame ba. Duk ɗakin nan ni kaɗai ne ƙafata ta kama ƙasa."

"Ban ɗauke ka ba," in ji Madam Odessa. "Ajin Talata ma ban ɗauke ka ba. Otis, yi a hankali, kada bakin abin nan ya taɓa mini katako."

Otis ya kunna kilifa ya aske shi a kwance, ya fara da dama ya gama da hagu. Cleophus ya tashi da leɓe fari tas, gashin ya zauna a daɓe. Makarantar ta yi mako biyu a rufe, shi kuma ya yi su a durƙushe yana kankare gam da goge katako, Madam tana zaune a kujerarta, wannan karon fuskarta a kansa.